Zaren Da Ba Ya Tsinkewa

"Ki ce masa ya fitar min daga shago, Nereida!"

Mama ce. Ulises na tsaye bakin ƙofa riƙe da hularsa, maganar neman aurena ta maƙale masa.

"Doña Remedios, ki saurare ni..."

"In saurari wanda ya kashe min ɗa?"

Ya dube ni, ya girgiza kai a hankali, alamar in yi shiru. Ya fita.

Na yi shirun, kamar yadda na saba shekara biyu.

Shagonmu na bakin tafkin dam, muna sayar da kayan kamun lobina, wani babban kifi na tafkin. Tsohon ƙauyenmu yana ƙarƙashin ruwan, da cocinsa da itatuwansa. A nan manyan kifaye ke laɓewa, a nan kuma yayana Damián ya rasu. Kifin robar da yake ja a matsayin koto ya maƙale a reshe, ya naɗe zaren a hannu yana fizga, iska ta juya jirgin, ya faɗa. Da farin zare ne da ya tsinke. Amma saƙaƙƙe ne mai ƙarfi, ya riƙe shi a ƙarƙashin ruwa.

Da Mama ta tambayi wanda ya ɗaura masa shi, Ulises abokin jirginsa ya ce, "Ni ne."

Ƙarya ya yi.

Ni ce...

Ran nan da safe Damián ya miƙo min sandarsa ta kamun kifi. "Nere, sa min farin nan mai nutsewa, kifi ba ya ganinsa."

"Haba Yaya! Kullum sai ka dawo kana kukan ƙaton kifi ya tsinke maka. Ga wanda ko saniya ba ta tsinka shi."

"Ke dai da iyayi!" Ya yi dariya, ya karɓa.

Har yau in ina naɗa wa wani zare, sai in ji dariyar nan a bayana.

Bayan fitar Ulises daga shagon, da Mama ta shiga gida, Griselda 'yar ƙanwarta ta matso kusa da ni. Tun muna makaranta take son Ulises.

"Ina cikin shagon nan ran nan, kin manta?" ta ce tana murmushi. "Ki bar min shi, ko in gaya wa Inna wa ya zaɓi zaren."

Da rana tsaka na sami Ulises a mashayar tafkin yana wanke jirgi.

"Griselda za ta faɗa."

"Sai in ƙaryata ta."

"Har yaushe, Ulises?"

"Har abada, masoyiyata. Ta rasa ɗa, kada ta rasa 'ya. Gara ni ta tsana."

"Ni fa? Ko ruwan nan ba na iya kallo! Hannun Yaya nake gani..."

Ya riƙe fuskata. "Son shi kike, shi ya sa kika ba shi mai ƙarfi. Ba ki da laifi, Nere."

"Kai ma ba ka da shi."

Na zare jikina na nufi gida. Mama na murza ƙullun masara. Na durƙusa gabanta.

"Mama, ni na ɗaura wa Yaya zaren. Fari ya ce, na ƙi. Ulises rufa min asiri ya yi."

Hannunta ya tsaya cak.

Ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni! Wanke hannu ta yi ta shige ɗaki. Kwana huɗu ko kallona ba ta yi ba.

Ranar Lahadi muna fitowa daga coci ta ce, "Biyo ni."

Mashaya ta nufa, ita da ba ta taka wurin ba tun rasuwar. Ulises ya miƙe da sauri.

"Ka kai ni wurin," ta ce.

Muka shiga jirginsa, ya kai mu wurin ya kashe injin. Ruwan kore ne, shiru, ana hango kan rassan a ƙasa. Mama ta daɗe tana kallo.

"Ya kira ni?"

"Bai samu dama ba, Doña."

"Wa ya fito da shi?"

"Ni."

"Sau nawa ka shiga?"

Ya sunkuyar da kai. "Takwas."

Sai a lokacin ta fashe da kuka. Ta jawo ni jikinta da ƙarfi, ɗaya hannun ta kamo rigar Ulises.

"Shekara biyu ina tsine maka, ɗana... kana jina, ka yi shiru!"

"Ba komai, Doña."

"Mama za ka ce. Ka turo iyayenka ranar Asabar."

An ɗaura aurenmu bayan damina. Griselda ba ta zo ba. A wurin walima Mama ta ajiye faranti ɗaya a gefenta, ta zuba abinci, ba wanda ya tambaye ta na wane ne.