Harsashin da Dewey Ya Zaɓa

Da sassafen Asabar, Sufeto Orval Tackett bai ko kurɓi kofinsa ba aka bugo waya ofishin 'yan sandan garin Tolliver: wai Dewey Strickland ya harbe ɓarawo a garejinsa.

Da Sufeto ya isa, sai ga ɓarawon nan ashe Harlan ne, ƙanin Dewey uwa ɗaya uba ɗaya. Yana kwance ba rai jikin tsohuwar a-kori-kurar mahaifinsu, jar motar nan da Dewey ke gogewa kullum kamar zai aurar da ita.

Dewey ya ce motsi ya ji, ya ɗauki bindigarsa libarba ya fita. Garejin duhu ƙirin, ƙwan fitila ya mutu, ba tocila a hannunsa. Ya ga inuwar mutum, ya harba, ya ruga ya buga waya.

Nan Texas kuwa, mutum ya kutso maka gida ka harbe shi, doka tana bayanka. Idan Sufeto ya rubuta "kare kai" a rahotonsa, Dewey zai kwana a gadonsa, a binne Harlan da sunan ɓarawo.

Sufeto ya buɗe bindigar. Harsasai biyar suka rage, sababbi fil, masu rami a baki. A kan kantar garejin kuwa ga wani tsohon gwangwanin harsashi cike da masu dunƙulallen kai, na araha, har sun yi kore don daɗewa.

"Yaushe ka sauya harsashi, Dewey?"

"An jima. Shekara biyu ko uku."

Sufeto ya rufe bindigar. Ajinsu ɗaya a makaranta, ya san mutumin. Dewey ne ke wanke farantin takarda ya shanya. Irinsa ba ya zubar da tsoho ya sayi sabo haka kawai.

Ya shiga kicin wajen Nadine, matar gidan. Ta ce ita fa ba ta san Harlan zai zo ba, rabonta da shi tun Kirsimeti. Tana magana tana matse ido, hawayen sun ƙi ba ta haɗin kai.

Sufeto ya dubi tebur. "Ku biyu ne a gidan nan, ko?"

"Mu biyu, yallaɓai."

"To farantin na uku na waye?"

Nadine ta dubi farantin kamar yau suka fara haɗuwa. Can dai ta sauke murya ta faɗi abin da ta sani. Kotu ta yanke cewa motar ta Harlan ce, haka tsohonsu ya rubuta a wasiyya. Ranar Laraba Dewey da kansa ya buga masa waya, ya ce ya zo Asabar da wuri ya ɗauki abarsa, ƙofar gareji a buɗe take, kada ya tashi kowa. Ita kuma ta ga ba daɗi suruki ya zo ya tafi bai karya ba. Da zancen ya zo kan abin da mijinta ya ƙudura, sai ta rantse ba ta sani ba.

Gayyata kaɗai ba ta kai mutum kurkuku. Dewey zai ce mantawa ya yi, lauya kuma ya taya shi mantawa. Don haka Sufeto ya nufi shagon bindigogin Gwaggo Earlene Gaskin, wadda rabin matan garin a wajenta suka koyi harbi, sauran rabin kuma a wajenta suke jin labarin mazajensu.

Gwaggo ta ce ita ba ta tona asirin masu ciniki, duk garin nan an shaide ta. Ta faɗi haka ne tana jawo masa kujera.

Dewey ya zo sayen harsashi ranar Laraba, in ji ta. Ta yi mamaki, don shekara ashirin bai taɓa sayen ko allura ba sai ya yi ciniki har ta ji jiri. Ranar kuwa ko farashi bai tambaya ba.

"Ɗan nan, kowa da tambayarsa. Mai 'ya'ya zai ce wanne ne ba zai huda bango ya shiga ɗakin yara ba. Tsohuwa irina za ta ce wanne ne ba ya girgiza hannu. Sai in ba kowa daidai da shi."

"Shi fa, Gwaggo?"

"Cewa ya yi, in mutum na tsaye jikin ƙofar mota, wanne ne zai tsaya a jikinsa bai fita ya taɓa fenti ba. Na ce mai ramin baki, shi buɗewa yake ya tsaya. Sai da ya sa na rantse sau biyu. Na ce Dewey, ɓarawon ya aiko maka da wasiƙa ne ya faɗi inda zai tsaya?"

"Me ya ce?"

"Bai yi dariya ba. Shi dama ba ya yi, tsada gare ta."

Da la'asar Sufeto ya sa aka shigo da Dewey ofis. Ya ba shi kofi, ya ajiye rahoton a gabansa, ya ce komai ya kammala, sa hannu kawai ya rage. Har Dewey ya ɗauki biro, Sufeto ya ƙara da cewa abin tausayi dai motar ce, don masu bincike sun gano harsashin ya fita ya huda ƙofar direba ta ƙasa.

Biron ya tsaya.

"Ƙarya ne, Orval. Na haska ta da tocila tun daga hanci har wutsiya, sau biyu, kafin in kira ku. Ko ƙwarzane babu."

Sufeto ya janye takardar a hankali.

"Da wace tocilar? Kuma Harlan yana ina lokacin da kake haskawa?"

Dewey ya ajiye biron. Da ya buɗe baki kuwa, bai ɓoye komai ba. Shi ya kwance ƙwan fitilar, ya zauna bayan injin yankan ciyawa yana jira. Shekara talatin yana shafa wa motar nan mai, in ji shi, sannan a ba wanda ke ɗora kare a bayan mota. Harlan yana da sauran numfashi sa'ad da Dewey ya tsallake shi ya je duba fenti.

Sufeto ya yaga rahoton, ya sa masa ankwa. Sun kai bakin ƙofa Dewey ya tirje, ya waiwayo.

"Tsakani da Allah, Orval, ba ta huje ba?"

"Ko ɗigo."

Dewey ya sauke ajiyar zuciya, ya bi ɗan sanda salin-alin.