Tulun Maganin Zazzaɓi

Duk birnin Fas an san tulunan tangaran na kantin Si Allal mai magani. Farare ne masu shuɗin zane, gadon kaka da kakanni, kuma in gaskiya za a faɗa, su mutane suka yarda da su, ba shi ba. Kantin manne yake da gidansa.

Wata magariba matarsa Lalla Zuhur ta zuba miya, an zauna a tsakar gida, sai tsakuwa ta faɗo cikin kwano. Wata ta biyo. Aka leƙa soro, ba kowa. Can cikin kanti, wanda ke kulle, aka ji murafen tuluna suna ɗaguwa ɗaya bayan ɗaya, kamar ana laluben wani abu.

Kullum rana ta faɗi haka ake yi. Daga baya 'yarsu Gita ta daina ci, jikinta zafi rau, ta zauna tana jijjiga hannuwa kamar mai rarrashin jariri. Yarinya tana ƙarewa a idonsu, dole aka kira malamin unguwa, Si Tayyib. Maƙwabta suka cika zaure.

Ya yi turare, ya daɗe yana karatu, sannan ya ce, "Wane ne kai?"

Muryar tsohuwa ta fito daga bakin Gita. "Ni aljana ce, maƙwabciyarsu. Tun zamanin kakansa nake ɗibar magani a nan, da izini. Ɗana ya kwanta, na ɗiba daga tulun zazzaɓi na ba shi, ya mutu. Malam, tambaye shi abin da ke ciki."

"Garin ɓawon itace ne," in ji Si Allal.

"Ƙarya kake, ɗan Abdussalam!"

Da ƙyar Si Allal ya ce, kansa a ƙasa, "Rabi dakakken jan tubali ne. Kalarsu ɗaya."

Lalla Zuhur ta ja mayafi ta rufe fuska. Wallahi ni da nake zaure a ranar, sai da na ji kamar in nutse.

"Yarinya ba ta da laifi," in ji malam. "A yanka miki rago?"

"In kai shi ina? Ɗa a bakin ɗa."

"Ki ji tsoron Allah."

Ta yi kuka mai tsawo. "To, ya juye tulun a ƙofar kanti da hannunsa, kasuwa na ci." Si Allal ya amince. Gita ta yi atishawa, ta nemi ruwa.

Washegari da hantsi ya juye shi, jama'a na kallo, ba mai zagi. Zagin ma da ya fi masa sauƙi. Sai Lalla Batul, wadda zazzaɓi ya kashe mijinta bara duk da ta ba shi maganin tulun nan, ta tsuguna ta murza garin da yatsa.

"Ɗan nan," ta ce a hankali, "ashe ba ni ce na kasa auna masa daidai ba?"