Sunan da Abdulrahim Ya Goge

Ana gab da kiran magariba a unguwar Sabo, can kudu, Azumi na kwashe tuwon sayarwa, sai dutse ya faɗo kan kwanon gidan. Na biyu ya dira a tsakar gida, da zafinsa kamar daga murhu aka ciro shi.

Mijinta Abdulrahim ko kai bai ɗaga ba. Shi ya gaji masaukin fatake na kakansa Alhaji, kuma tun da ya yi ɗan kos ɗin kwamfuta a unguwar Mokola yake kallon mutanen unguwa a wulaƙance. Ya watsar da tsofaffin kwandunan goro daga ɗakin ƙurya, ya girka babbar kwamfutar da ake kira sabar, ya shigar da sunan kowa: 'yan gida, dillalai, fataken da ke sauka daga tashar Ojoo. Kowa da kalmar sirrinsa, kowa da iyakar inda zai shiga. Wanda babu sunansa a ciki, a wurin gogan naka babu shi a duniya.

Akwai abin da ya ɓoye. Kwana uku a jere yana tarar da wani suna da ba shi ya sa ba, Baƙon Alhaji. Sau uku yana jan tsaki yana gogewa.

A yammacin nan 'yarsa Haulatu ta ajiye butar alwala, ta shiga ɗakin ƙurya ta zauna a ƙasa. Ba ci, ba magana, har kwana biyu. Tsoro ya kama uban, ya canza kalmomin sirri kaf, don iyakar iliminsa ke nan. Azumi ce ta aika aka kirawo Malam Mijinyawa, wanda mijin nata ke kira mai tofe-tofe.

Malam ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya buɗe. Muryar tsoho ce ta fito, a hankali, cike da reni.

"Shekara sittin ke nan da Alhaji, kakan wannan mutumin, ya sauke ni. Sai da ya ba ni ruwa kafin ya tambayi sunana. Wannan kuwa har ɗan dako ya rubuta, ni ya goge."

Malam ya ce yarinya ba ta da laifi, a sake ta. Abdulrahim ya yi tayin mayar da sunan, har da izinin shiga ko'ina. Muryar ta yi dariya.

"Riƙe kayanka, oga. Zan tafi. Amma ni ma zan goge suna ɗaya."

Malam ya tambayi na wa, ya sake tambaya, amma baƙon ya riga ya tafi.

Haulatu ta yi atishawa, ta buɗe ido. Ta kira uwarta, ta gaida Malam, har ta nemi ruwa. Abdulrahim ya matso da hawaye, ya miƙa mata hannu. Ta ja mayafi ta rufe kai, ta raɓe a bayan Azumi.

"Umma, wane ne wannan mutumin?"