Turken Lungun Dudu

Barakatu tana juya kifi a kan banda, ana kiran magariba, tsakuwa ta farko ta faɗo a kan kwanon ɗakinta. Ta ɗauka yaran maƙwabta ne, har ta buɗe baki za ta yi zagi. Da ta tsinci tsakuwar sai ta ji ta jiƙe, da gansakuka a jikinta, irin ta ƙasan ruwa.

Gidan mijinta, marigayi Magaji, su ke riƙe da Lungun Dudu, wani kwarin ruwa mai ciyawa a bayan ƙauyensu kusa da Wara, inda kifi ke shiga ya yi ƙwai. Da ruwa ya fara hawa ake kafa turke da farin ƙyalle a bakin lungun, daga nan babu mai jefa taru sai an cire. Bana wata Susan ta zo daga jami'a tana binciken yadda mutanen bakin ruwa ke zama da ruwansu. Barakatu ta sa aka fito mata da kujera, ta faɗa wa na'urar ɗaukar magana cewa tun rasuwar Magaji ko ƙugiya ba ta shiga lungun ba in turke na tsaye, don ita ba a taka ta. Mata na tsaye suna gyaɗa kai.

Ba a rufa mako ba kifi ya yi tsada. Ita da kanta ta tuge turken, ta ja taru mai ƙananan idanu, ta cika kwando da 'ya'yan kifi waɗanda ba su kai yatsa ba.

Kowace magariba tsakuwa sai ta sauka. Wutar banda ta riƙa mutuwa ba iska ba ruwa. Can wata yamma ɗiyarta Murjanatu ta zauna a tsakar gida, kitsonta na ɗigar ruwa, ta buɗe baki da muryar tsohuwa tana maimaita abin da uwar ta faɗa wa Susan, ba ta bar ko kalma ba. Maƙwabta suka cika zaure. Barakatu ta ji da ma ƙasa ta tsage.

Malam Zakari ya zo ya yi karatu har yarinyar ta daina karkarwa, sannan ya tambayi mai maganar abin da take nema.

"Ɗiyana duk suna cikin kwandonta," in ji muryar. "Ɗiyarta na hannuna. Mu yi musanya."

Barakatu, wadda dillalan Yauri ke kaucewa in sun hango ta, ta gyara zama. Ta taya rago. Malam ya ce ba a yi wa aljani yanka a gabansa. Muryar ma ta ce ba ta cin nama. Kwandon take so Barakatu ta mayar lungun, ɗauke a kanta, ranar kasuwar Wara, ta bi ta bakin jirage, ta kafa turken da hannunta. Barakatu ta ce za ta kai da asuba. Aka ƙi. Ta ce to ta bayan gari, ta gonakin shinkafa.

"Gaban mutane kika yi tallar amanarki. Gaban mutane za ki biya."

Numfashin Murjanatu ya fara sarƙewa kamar mai nutsewa. Barakatu ta dubi ɗiyar, ta dubi zauren. Tunda take ba ta taɓa saye a farashin mai kaya ba.

"Na yarda," ta ce, a hankali.

Yarinyar ta yi atishawa, ta kira Inna, ta ce yunwa take ji.

Ranar kasuwa Barakatu ta ɗauki kwandon, ba rufi. Masu jirage suka leƙa suka kau da kai, kuma kau da kan ya fi mata zagi ciwo. A bakin lungun ta tarar da Susan, ta dawo ƙarasa aikinta. Ganin kwando da turke sai ta miƙo na'urarta da fara'a.

"Inna, wannan al'adar kuma yaya sunanta?"

Barakatu ta juyo da kwandon a kanta.

"Ba ta da suna. Kashe abin ga, ki kama mani in sauke."