Ƙamshin Da Ya Shiga Inji

A kasuwar Shisanhang ta birnin Guangzhou suka fara haɗuwa, ranar da zafi ya ƙarar wa kowa da haƙuri. Alhaji Tankari, ɗan kasuwar Maraɗi, ya aiki 'yarsa Hindu ta karɓo samfurin dogayen riguna, matar shagon kuwa sai kaɗa hannu take tana cewa, "Meyo, meyo."

Hindu ba ta jin Sinanci, Faransancin ma tun ƙananan azuzuwa ta rabu da shi. Ta tsaya tana murza bakin mayafinta.

"Ba rigar ce babu ba, launin ne babu," in ji wata murya a bayanta, da Hausar Kano. "Shuɗi kike so?"

Ta juya. Dogo ne, rataye da baƙar jaka. Ta ɗaga kai alamar e, ya yi wa matar magana, aka fito da shuɗin daga ƙasan tebur.

"Sunana Huzaifa. Ke kuma ba a jin muryarki sai an biya?"

Ta rufe fuska tana dariya. Abin da ta tafi da shi gida a ranta shi ne, wannan saurayi ba ya ƙamshin komai. Ita kuwa hanci ne sana'arta. Turaren wuta da humra take haɗawa tana sayar wa matan 'yan kasuwa, kuma tun tana ƙarama abin da bakinta ya kasa faɗa, da turare take faɗarsa.

Ta hannun Tanti Mariama, ƙanwar babanta da suke zaune tare, ya samu lambarta. Saƙonsa na farko ya ce: "Mai ƙamshi, tun da kika wuce har yanzu kasuwar ba ta dawo daidai ba."

Ta daɗe tana rubutawa tana gogewa, sannan ta tura: "Ina gaisuwa Malam."

A hankali Malam ya koma Injiniya, Injiniya ya koma Injiniyana. A falon Tanti yake ba ta labarin aikinsa. Ya yi karatu a nan Guangzhou, wani kamfanin waje ya ɗauke shi. Kamfanin na sayar da manyan injuna masu ƙera 'yar ƙwaƙwalwar da ke cikin waya, shi kuma in inji ya tsaya a kowace masana'anta, shi ake kira.

"Ɗakin da injin yake ya fi ɗakin tiyata tsabta," ya ce. "Farar riga nake sawa daga kai har tafin ƙafa, ido kawai ake gani. Ba a shiga da waya. Ƙurar da idonki ba zai gani ba, in ta sauka kan faifan da ake yanka ƙwaƙwalwar daga jikinsa, ta kashe shi."

"Ba ka gajiya?"

"Ina gajiya mana. Wani lokacin tun safe ina durƙushe cikin inji, gumi ya cika takalmi, lawban, wato mai masana'antar, na tsaye a kaina yana ihu, sallah ma sai na roƙa. Amma Hinduna, in fitilar nan ta koma koriya, injin ya ja numfashi, babu mai jin daɗina a duniya."

Ta kalli yadda idonsa ya yi haske, ta ji wani ɗan kishi da injin.

Ta haɗa masa turare na musamman a 'yar kwalba. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya har ta ji kunya. Amma duk zuwan da ya yi bayan nan, sai ta faki ido ta ja numfashi, ba ta jin komai. Shi nauyinta yake ji, ya kasa ce mata doka ce ta hana shi sa turare. Ita kuma ta kasa tambaya. Ta bar abin yana cin ta.

Ranar da aka sa zai zo gaida Alhaji, an dafa shinkafa, an shimfiɗa darduma, sai saƙo ya shigo: "Hinduna ki ba Baba haƙuri. Inji ya tsaya a Shanghai, ina filin jirgi. Wallahi ba da son raina ba."

Alhaji ya ture kwanon gabansa. "Wane irin aiki ne wannan? Mutum ba shago, ba kwantena, ana kiransa kamar motar kashe gobara. Haka zai bar ki ranar da kike naƙuda?"

Maidaji na zaune a gefe. Ɗan garinsu ne, yana tura kaya Yamai, ya daɗe yana kawo wa Alhaji gaisuwa da kwalin dabino. Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji ai kanikawa haka suke. Bambancin kawai shi nasa bakanike ne mai farar riga." Ya dubi Hindu. "Ni dai turarenki har a mota nake ajiye shi."

Ta shige ɗaki, maganar ta zauna mata a ƙirji.

Da ƙyar Tanti ta shawo kan Alhaji aka sake sa rana. Wannan karon Huzaifa ya zo, daga wurin aiki kai tsaye, yana fama da mura. Ya ajiye jakarsa a bakin ƙofa ya shiga wajen maza.

Hindu ta ɗauki jakar don ta kawar da ita daga hanya. A ciki ta hango wata leda a liƙe, cike da fararen ƙyallaye a ninke, fari tas. Ta ɗauka hankici ne. Zuciyarta ta ce, in ba ya son sa turare a jiki, ai ko gumi ya share ya tuna da ke.

Ta yanka ledar a hankali. Ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren da ta fi ji da shi, ta kifa kabbasa ta shimfiɗa ƙyallayen har hayaƙi ya ratsa su. Ta ninke su yadda ta same su, ta liƙe ledar da injin da Baba ke liƙe samfur. Ko ita da ta yi ba za ta ce an taɓa buɗewa ba. Ta koma kicin tana murmushi ita kaɗai.

Bayan nan sai shiru.

Ta tura: "Injiniyana lafiya?" Babu amsa. Ta sake turawa: "In laifi na yi ka faɗa mini." Babu amsa.

Lokacin garin ya ɗauki zafi saboda wasannin Olamfik da ke tafe a ƙasar. 'Yan sanda na bin gidajen baƙi suna duba fasfo, an daina sabunta biza, kullum sai an ji wane ya tattara ya tafi. Cikin haka Maidaji ya zo da labari, yana faɗa yana kaɗa makullin mota.

"An kori bakaniken naku. Wai ya lalata musu kaya. Takardar zamansa ma ta aikin ce, tafiya zai yi."

Alhaji ya ce, "To, Allah ya rufa mana asiri da bai shigo gidan ba."

Hindu ta rubuta wa Huzaifa saƙo: "Ko ba ka sona ka zo in ga fuskarka sau ɗaya."

Da la'asar ya zo. A ƙasan bene suka tsaya, Tanti na leƙensu ta taga. Ya rame, gemu ya fito masa birjik. Ya ciro farin ƙyalle daga aljihu ya miƙa mata.

"Shinshina."

Ba sai ta kai hanci ba. Nata ne.

"Ba hankici ba ne, Hindu. Da shi ake goge cikin injin. A ɗaki mai tsabta ake liƙe shi, a ɗaki mai tsabta ake buɗewa. Ina da mura, ga takunkumi a fuska, ban ji komai ba. Na goge injin lungu-lungu, na rufe, fitila ta yi kore, na tafi ina murna. Duk faifan da ya bi ta ciki ya mutu. Da suka bincika, sai ga maiƙo da toka."

Ta jingina da bango.

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba?"

"Me zan ce? In ce abin da kika fi iyawa a duniya guba ne a wurina?" Muryarsa ta yi kaushi. "Shekaruna nawa ina koyon injin nan. Na san kukansa in yana lafiya, na san kukansa in zai kwanta. Ranar da suka karɓi katin shigata, ko leƙa shi ba su bar ni na yi ba. Na yi fushi da ke, ba zan ɓoye ba. Shi ya sa na yi shiru, kada in faɗi abin da ba zai gogu ba."

"Ka ce musu ni ce. Ka kai ni, in faɗa da bakina."

"Sun tambaya. Sun ce in wani ne ya buɗe ledar, in ba da suna da adireshi a miƙa wa 'yan sanda, ni a mayar da ni aiki. A wannan lokacin? Su shigo gidan Baba? Na ce sakacina ne."

Ya juya zai tafi, ya tsaya. "Ƙyallen ki bar mini. Shi kaɗai na fito da shi."

Hindu ba ta taɓa tsayawa gaban mahaifinta ta haɗa jimla uku ba. Ranar ta hau bene ta same shi da Maidaji suna shan shayi, ta durƙusa, ta faɗi komai, tun daga kasko har maganar 'yan sanda. Muryarta na karyewa, tana ɗorawa.

Maidaji ya kwashe da dariya. "Hayaƙin turare ya kashe inji? Alhaji, yaron nan ya samu wadda zai ɗora wa kaya ne kawai."

"Bai ɗora mini ba," ta ce, ba ta ɗago ba. "Da ya ɗora mini, da yanzu yana wurin aikinsa, mu kuma muna ofishin 'yan sanda."

Alhaji ya ajiye kofin. Ya dubi taga, inda motar sintiri ke wucewa a hankali.

"Maidaji, in kai ne, me za ka ce musu?"

"Ai Alhaji, gaskiya ɗaya ce, kowa ya ɗauki..." Sai ya shiga gyara agogo.

Alhaji ya dubi Tanti. "Mariama, kira mini yaron nan."

Da Huzaifa ya zo, Alhaji bai ba shi haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Cewa ya yi, "Na ce ba ka da shago. Yanzu ko aikin ma ba ka da shi, kuma a gidana ka rasa shi. Kana sonta har yanzu, ko ɗacin ya fi yawa?"

Huzaifa ya sunkuyar da kai. "Ɗacin yana nan, Baba. Amma ba na so ya raba ni da ita."

"To ka kira manyanka a Kano su naɗa wakili."

Ranar Juma'ar da aka buɗe wasannin aka ɗaura auren, bayan an idar da sallah. Mutane kaɗan ne, rabin abokan Alhaji sun riga sun bar ƙasar. Garin ya cika da jajayen tutoci, kowane shago an kunna talabijin, ba wanda ya san da bikinsu. Akwatunan ango na jingine a falo, don biza ba ta bar masa ko mako ba, da amaryarsa zai wuce Kano ya fara neman aiki daga tushe.

Matan da suka zo suka yi ta kallon juna.

"Ikon Allah," in ji wata. "Mai sayar mana da turare, ga ta amarya ba ko hayaƙi a ɗakinta?"

Tanti ta ce, "Na yi, na yi, ta ƙi. Kaskon ma ta kife shi."

Da yamma aka shigo da ango. Tun bai ƙaraso ba Hindu ta ɗago kai cikin mayafi. Ƙamshi ne ya riga shi shigowa, kuma ta san hannun da ya haɗa shi.

Ya zauna gefenta, ya ajiye 'yar kwalbar nan a tafin hannunta. Yau ne aka fara buɗe ta.

"Kullum tana kan teburina," ya ce a hankali. "Yau babu ƙofar da za ta hana ni shiga saboda ita."

Hawaye ya zubo mata. "Na raba ka da injinka."

"Kin raba ni." Ya ɗauki wayarta yana juyawa. "Wataƙila abin da ke cikin nan ta hannuna ya bi. Zan yi kewarsa, Hinduna, kuma wata rana za ki gan ni na yi shiru. Kada ki ce na daina sonki. Ki dai tambaye ni, ni ma in tambaye ki. Shirun nan namu ya ci mana abin da ya ci."

Ta gyaɗa kai, sannan ta tuna, ta buɗe baki. "Zan tambaya, Injiniyana."

"To ga tambayar farko. Ina kaskon?"

Tanti da ke laɓe a bakin ƙofa ta rangaɗa guɗa, ta ruga ta ɗebo garwashi. Alhaji ya leƙo, hayaƙi na tashi tsakaninsu, ya ɗaga hannu.

"Allah ya mayar maka da abin da ka rasa a gidana, Huzaifa. Allah ya sa abin da ta ƙona maka ya zama na ƙarshe. Ku je, Allah ya zaunar da ku lafiya."

Ɗakin ya amsa da amin.