Garmar Golmo a Cikin Gilashi

Da Dinah ta san abin da zai biyo baya, da ba ta sauko da garmar nan daga bango ba.

Ranar Asabar ce wani saurayi ya tsaya da mashin a ƙofar gidansu a Dabai. Sunansa Prosper, yana aiki a gidan tarihi na Yawuri, can bakin kogi. Ya ce suna shirya baje kolin kayan tarihi da fasahar ƙasar Zuru, yana neman aron tsofaffin kaya. Mahaifinta, Baba Gabriel, ya tafi kasuwar Ribah. Ta kawo masa ruwa, yana sha yana kallon bango, ita kuma tana kallonsa.

Garmar da ke rataye an daina noma da ita. Da ita Baba Gabriel ya yi golmo, noman da saurayi ke yi wa iyayen budurwa damina bayan damina kafin a ba shi ita. Da ita ya samu Hannah, mahaifiyar Dinah, wadda ta rasu. Har yau ƙyallen zanenta na ɗaure a ƙotar.

Dinah ta ba shi labarin, ya saurara bai katse ta ba. Ta ji tana so mutane su san Mama, sai ta miƙa masa garmar.

"Za ka dawo da ita?"

"Da hannuna. Ko ba don garmar ba ma, zan dawo."

Da Baba Gabriel ya dawo ya ga ƙusa ba komai a kanta, bai yi faɗa ba. Zama ya yi yana kallon wurin har tuwonsa ya huce. Prosper kuwa ya riƙa zuwa wurin Dinah, har suka shaƙu. Da kawunsa ya zo maganar aure bayan wani lokaci, Baba ya ce masa a'a. A cewarsa, mutumin da ke kulle garma a akwatin gilashi don baƙi su yi kallo bai san wahalar da ake sha kafin a samu mata ba. Ga Philip, ɗan maƙwabcinsa, manomi, gida kusa da gida. Duk mai 'ya mace zai gane shi: an ɗauke garmar, yanzu kuma ana son ɗauke yarinyar zuwa Yawuri.

Aka hana Prosper zuwa. Waya ce kawai ta rage musu shi da Dinah. Wani dare ya kira ta.

"Tauraruwata, yau na zauna bakin kogi ina kallon kwalekwale. Kowa na da inda zai je, ban da ni."

"Malam Gilashi, Baba ya daina cin abinci sosai. Ni ma haka. Jiya na ji ƙarar mashin na fito da gudu, ashe mai kifi ne."

"In kawo garmar?"

"Ya ce kada ka taka masa gida. Da kansa zai zo."

Baba kuwa ya je. Ya shiga gidan tarihin da fushinsa, ya wuce tukwane da ƙorai masu zane da ragar masunta bai dube su ba. A ƙarshen ɗakin ya ga garmar a cikin gilashi, an haska ta da fitila, ba a taɓa ƙyallen ba. A ƙasa an rubuta sunansa da na Hannah. Wata tsohuwa daga Dirin Daji na tsaye a gabanta tana gaya wa 'yan rakiyarta yadda nata mijin ya yi mata golmo, tana dariya tana share ido.

Baba Gabriel ya daɗe a tsaye. Prosper ya zo ya durƙusa ya gaishe shi.

"Buɗe," in ji Baba.

Prosper ya buɗe, ya miƙa masa garmar da hannu biyu. Baba ya shafa bakinta da yatsa.

"Kun ɗauka ta mutu ne?"

"Baba, a ba ni ita in gwada ta a gonarku."

Baba ya dubi hannuwan yaron, masu laushi kamar na jariri. Ya mayar masa da garmar, ya ce in ruwa ya sauka ya kawo ta da kansa.

Da ruwa ya sauka Prosper ya zo da abokansa na ofis. Mutanen Dabai suka taru suna dariya, don kunyoyinsa sun karkace kamar tafiyar maciji. Philip ya tambaye shi ko gilashi zai sa wa dawar in ta tsiro. Kafin rana ta take, tafin hannunsa ya ɗuri ruwa ya fashe. Bai ajiye garmar ba. Dinah ta kawo kunu, ta ga hannun, ta juya baya don kada ya ga idonta.

Prosper ya dawo Asabar ta gaba, da wadda ke bin ta. Rannan Baba ya tsaya a bakin gona ya ce, "Huɗarka ba ta da kyau, ɗana. Amma ba ka gudu ba. Ka turo kawunka."

An ɗaura auren a coci, ƙyallen Hannah na ɗaure a furen da ke hannun amarya. Baba ya ɗora hannu a kansu, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana.

Garmar tana gidan amarya a Yawuri. Ko za ta koma gilashi ko kan ƙusarta a Dabai, Baba bai faɗa ba tukuna. Dawar da ke kan karkatattun kunyoyin ma ba ta fitar da kai ba, ba wanda ya san abin da za ta yi.