Kuka a Baya, Magani a Gaba

Ranar Litinin da hantsi manajan gonar kaji ya shigo ofishin 'yan sanda yana huci. An sace janaretan gona, kuma shi har ya san ɓarawon.

"Direbanmu ne, ranka ya daɗe. Sai akori-kurar gona ke iya ɗaukar injin nan, makullinta kuma ɗaya ne tak, yana aljihunsa."

"Kai ba ka tuƙa ta?" in ji Sufeto.

"Ni? Ko ƙofarta ban taɓa buɗewa ba."

Sufeto mutum ne da ba ya yarda da wanda ya zo da ƙara da hukuncinta a hannu ɗaya. Amma mai gadin gonar ya rantse cewa ranar Lahadi da rana ya buɗe wa direba get. Dole aka kama direban, dattijon da ya yi shekara ashirin da biyu yana aikin gonar. Laraba za a kai shi kotu.

Ranar Talata Sufeto ya sa Kofur ya tuƙo motar zuwa ofis, shi da direban da ankwa a hannu suna zaune a gefe. Suna hawa kwalta wani siririn kuka ya taso, wiiii, yana ƙaruwa da gudun motar.

Dattijon ya zabura. "Wa ya yi mata haka? Ɗana, rage gudu, za ka kashe ta! Asabar na ajiye ta lafiyarta ƙalau."

Sufeto ya kalle shi ta wutsiyar ido. Ya sha ganin ɓarayi masu hawaye, amma bai taɓa ganin wanda zai kwana a kurkuku yana yi wa mota kuka ba.

"Kofur, juya. Garejin Mai Kunne."

Mai Kunne tsohon makanike ne da ba ya taɓa sifana sai ya gama sauraro. Ya tayar da motar a tsaye, ya taka totur. Shiru. Ya murɗa sitiyari dama da hagu. Shiru. Ya sa aka ɗage ƙafafun baya da jak, ya saka giya. Nan take kukan ya dawo.

"Ka ji ko, yallaɓai? Ba inji ba ne, ba sitiyari ba. Sai tana tafiya take yi, daga baya kuma."

Ya shiga ƙarƙashi, ya kwance noti a aksil ɗin baya, ƙarfen da ke haɗa tayoyin biyu. Man da ya zubo cikin tasa fari ne kamar madara.

"Ruwa ne. An tsoma ta a ruwa mai zurfi da kaya mai nauyi, aka yi doguwar tafiya a haka, boris ɗin da taya ke juyawa a kai ya cinye."

"Akwai rafi a bayan gona," in ji direban. "Ni ko da kuskure ba na bi, don tiyon numfashin aksil ɗin ya karye. Sau uku ina roƙon Manaja a sayo."

Sufeto ya rubuta. In motar ta get ta fita, me ya kai ta rafi?

Mai Kunne ya buɗe gaban motar, sai ya tuntsire da dariya.

"Yallaɓai, zo ka ga aikin wani gwani. Bel ɗin inji sabo fil, ko ƙura bai sha ba. Wani ya ji kuka ya ce bel ne. Ciwo a baya, ya shafa magani a gaba! Wallahi ba direba ba ne."

Shago ɗaya ne kusa da gonar ke sayar da kayan mota. Da Sufeto ya tambayi wanda ya sayi bel, matar da ke shagon ba ta ko yi dogon tunani ba.

"Lahadi bayan la'asar. Manajan gona ne, wandonsa jiƙe har gwiwa. Ya ce motar na yi masa kuka, na ce ya kai gareji, ya ce ba ruwana."

Mai gadi bai yi minti biyar a gaban Sufeto ba ya faɗi gaskiya.

"Ban buɗe get ba, ranka ya daɗe. Manaja ya ce in faɗi haka ko in bar aiki. Ina da iyali."

Da yamma Sufeto ya kira Manaja gareji, wai ya zo ya ga gyara. Ya iso yana fara'a.

"Ka ce ba ka taɓa buɗe ƙofarta ba?"

"Haka ne."

"Amma ka saya mata bel."

Fara'ar ta ragu. "Ai... kuka na ji tana yi a inda take ajiye, na ce bari in taimaka."

"Mai Kunne, tayar mana da ita a tsaye."

Ba a kai ga taɓa boris ɗin ba tukuna. Injin ya tashi, ya yi ta aiki sumul. Ba a ji kukan ba ko kaɗan.

"A tsaye ba ta kuka," in ji Sufeto a hankali. "Sai wanda ya tuƙa ta ne zai ji. Ina janaretan?"

Manaja ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Ya ce ya yanka makulli na biyu tun watan jiya, ya bi ta rafi don kada a gan shi a hanya, injin kuma yana shagon wani abokinsa. Ya sa bel ne don kada direba ya ji kukan ya fara tambaya.

Sufeto da kansa ya cire ankwar daga hannun dattijon. Kunya ta kama shi ƙwarai, don kwana guda ya rage ya kai mai gaskiya kotu.

"Baba, ka yi haƙuri."

Dattijon bai ma ji ba, yana can ƙarƙashin mota yana miƙa wa Mai Kunne sabon boris. Aka wanke aksil, aka zuba mai, aka sa tiyon nan da ya yi ta roƙo.

Shi ya tuƙa su zuwa ofis, Manaja da Kofur a bodi. Da suka hau kwalta ya karkata kai, ya ƙara wuta, ya saurara.

"Ta daina," in ji shi. "Kukan da kake ji yanzu, yallaɓai, na Manaja ne."